Taransista Biyu

Gadon Baba Modi bai wahalar da limami ba:
rumfa a Ƙofar Rini, bashin naira dubu tara,
rediyo talatin da ɗaya da masu su ba su waiwayo ba,
sai takarda guda, ninki takwas, ƙarƙashin gwangwanin ƙusoshi.

Yayyena suka ɗauki rumfa.
Ni, Ige, na ɗauki takarda.

Zane ne, hoton hoton wani hoto,
lambobin duk sun dushe,
na wata na'ura da ta girmi uwata,
wadda ba ta kamo tashar kowa,
ita ke ƙera muryarta da kanta.
A gefe, da jan biro, cikin ajami: sai na samu sarari.
Bai samu ba.

Na bi gawawwakin rediyon ɗaya bayan ɗaya
ina zare abin da ya saura da rai.
Kafasita daga na wani direban Illela,
maɓalli daga na tela,
razista kuwa bakin taga nake karanta ɗamararsu
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
In an ɗauke wuta, in cusa ƙarfe a garwashin Inna.
Dalma ba ta tambayar wa ya narkar da ita.
Tabo uku a ɗan alina, ɗaya a gwiwa.

Fuskarta tsohon tiren shayi, ni na huda shi da ƙusa.
Gidanta aljihun tebur.
Ɗaki na fari ke haifar sauti, mai haƙora irin na zarto,
na biyu rariya ne, ya tankaɗe shi,
na uku mai gadi, ya buɗe, ya rufe.
Ba mai sanin wani cikinsu
sai na miƙa waya, kamar 'yar aike tsakanin gidaje.

Ranar da ta fara magana, bayan asuba,
akuyar maƙwabta ce ta amsa.
Inna ta saki buta: "Ige, minene wanga abu?"

Sai bazara ta shigo.
Muryar da na saita da sanyin safiya
da hantsi ta hau, da azahar ta tsere,
tana tashi kamar kuɗin ƙanƙara da azumi.
Wanda ya zana ta bai taɓa wuni a Sakkwato ba
ƙarƙashin kwano, a watan huɗu.
Na jiƙa buhu na lulluɓe ta.
Na kai ta gindin randa.
A banza.

Mako uku ina zagin wanda ban sani ba,
kafin na lura da wani ɗan jan zobe
da na daɗe ina ɗauka tabon goro ne.
Taransista biyu ya kewaye.
Ƙasansa kalma biyu: haɗa bayansu.

Na zauna da mita, na auna arba'in da 'yan kai
kafin na dace da biyu masu hali ɗaya.
Na manna su baya da baya,
na naɗe su da zaren ɗinkin hula.
Zafin bai ragu ba.
Sai dai yanzu tare yake cin su,
in ya karkatar da ɗaya, ɗayan ya tokare.

Yau da ƙarfe biyu, kwalta na kama takalmi,
ko ƙadangare ya nemi inuwa,
na kunna.
Tana nan inda na bar ta da safe.
Ko in ce kusan. Akwai 'yar rawa a cikinta,
ban yi niyyar gyara wannan ba.

Inna ta tsaya bakin ƙofa da muciya a hannu.
Ta daɗe.
Ta ce, "Mai da shi ƙasa kaɗan."
Na murɗa.
"Ƙara."
Na ƙara, har tiren ya soma karkarwa.

"Haka nan shika gunguni in shina aiki."

Ba ta shigo ba, ba ta koma ba.
Can a murhu tuwo ya kama,
dukanmu mun ji ƙauri.